Yadda Jiangsu Ta Lashe Gasar Ƙasar Sin, Ta Rushe Bayan Kwana 108

Tambaya: Malam, na sha jin cewa akwai wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a ƙasar Sin da ta lashe gasar ƙasar, amma kafin a shiga sabuwar kaka aka rufe ta baki ɗaya. Wace ƙungiya ce, mene ne tarihinta, kuma yaya aka yi zakara ta mutu alhali masu ita su ne masu Inter Milan ta Italiya a lokacin?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Ƙungiyar da ake nufi ita ce Jiangsu, wadda mazauninta yake Nanjing, babban birnin lardin Jiangsu da ke gabashin ƙasar Sin. Masu bibiyar ƙwallo a wajen ƙasar sun fi saninta da sunan Jiangsu Suning, su kuwa tsofaffin magoya bayanta sun fi shaƙuwa da sunan Sainty, wanda ta yi shekara 15 tana amsawa. Ta ɗauki kofin babbar gasar ƙasar, wato Super League, ranar 12 ga Nuwamba, 2020, karo na farko a tarihinta, sannan ranar 28 ga Fabrairu, 2021, bayan kwana 108 ke nan, ta fitar da sanarwar dakatar da dukkan harkokinta, kuma tun daga ranar ba ta sake taka leda ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, rayuwar wannan ƙungiya ba ta taɓa kasancewa a hannunta ba. Reshe ce a jikin wani kamfani, kuma ranar da kamfanin ya shiga matsi, ita aka fara sarewa.

Asalinta yana komawa ne zuwa 1958, lokacin da hukumar wasanni ta lardin ta haɗa ƙungiyar da za ta wakilce shi a gasar wasanni ta ƙasa. A wancan zamani babu ƙwallon sana'a a Sin, domin 'yan wasa ma'aikatan gwamnati ne, ana ɗaukarsu tun suna yara a makarantun wasanni, gwamnatin lardi ke ciyar da su ta kuma biya su albashi. Jiangsu lardi ne mai arziki, yana da mutane kimanin miliyan 85, kuma a ƙarfin tattalin arziki Guangdong ne kaɗai ke gabansa, amma a fagen ƙwallo sunayen da ake ji su ne Liaoning da Shanghai da Beijing da Guangdong da Shandong. Da aka buɗe gasar sana'a ta farko a 1994, wadda ake kira Jia-A, Jiangsu tana cikin ƙungiyoyi 12 da suka fara ta, ƙarƙashin sunan wani kamfani mai suna Maint. Ta ƙare a ƙasan teburi, ta faɗa rukuni na biyu, daga baya ma ta gangara na uku kafin ta sake hawowa. Tun daga wannan lokaci aka kafa al'adar da za ta yi ajalinta bayan shekara 27: kamfani ya zuba kuɗi, a liƙa sunansa a jikin sunan lardi, idan ya gaji ya tafi, wani ya zo a canza suna.

A shekarar 2000 kamfanin Sainty, wanda na gwamnatin lardin ne kuma yake harkar fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, ya karɓi ƙungiyar. Ba a daɗe ba ta shiga cikin abin kunya mafi suna a tarihin rukuni na biyu, wanda Sinawa ke kira batun ɓeraye biyar na Jia-B, wato ƙungiyoyi biyar na wannan rukuni da aka zarga da maguɗin sakamakon wasa. A ƙarshen kakar 2001 ƙungiyoyi da dama na neman gurbin hawa, kuma yawan ƙwallaye ne zai raba gardama, sai aka fara ganin sakamakon da hankali ba ya ɗauka. Chengdu ta lallasa Mianyang da ci 11 da 2. A ranar wasan ƙarshe, 6 ga Oktoba, Changchun Yatai ta ci Zhejiang 6 da nema, ita kuwa Jiangsu Sainty, a gidanta, Chengdu ta doke ta 4 da 2. Washegari ƙungiyar ƙasar Sin ta doke Oman a Shenyang, ta sami gurbin gasar kofin duniya ta 2002, wanda har yau shi ne karo ɗaya tilo da ta je, saboda haka murnar ta so ta rufe ƙurar, amma hukumar ƙwallon ƙasar ta hana Changchun hawa, ta kuma dakatar da 'yan wasa da masu horarwa. Na kawo wannan ne domin kada a ɗauka tarihin Jiangsu fari ne fat. Tana da nata tabon, kamar yawancin takwarorinta na wancan zamani.

Bayan haka ta shafe shekaru tana kai gwauro tana kai mari a rukuni na biyu, tana kusantar hawa tana komawa, har zuwa 2008, lokacin da mai horarwa Pei Encai ya kai ta ga lashe rukunin, ta koma cikin manya bayan shekara 14. A ganina, shekarun da suka biyo baya su ne zamanin da ya fi cancanta a tuna da shi, ko da yake ba a cikinsu aka ci babban kofi ba. A 2011 aka ɗauko Dragan Okuka, ɗan ƙasar Sabiya, wanda ya gina ƙungiya mai tsari, mai ƙarfin tsaron gida da saurin kai hari, ba tare da wani tauraro mai tsadar gaske ba. A shekararsa ta farko ta ƙare ta huɗu. A 2012 kuwa ta yi kafaɗa da kafaɗa da Guangzhou Evergrande, ƙungiyar da ta fi kowa kuɗi a ƙasar, wadda Marcello Lippi, mutumin da ya ci wa Italiya kofin duniya a 2006, yake horarwa. Ɗan wasan gaban Jiangsu, Cristian Dănălache na Romaniya, ya zura ƙwallo 23, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo kuma gwarzon ɗan wasan shekara.

Ranar 20 ga Oktoba, 2012, Evergrande ta je Nanjing, kuma mutum 65,769 suka cika filin wasa na Olympic na birnin, adadin da ya zarce yawan kujerun filin, ya kuma kafa tarihi a gasar. An tashi kunnen doki, 1 da 1, daga ƙarshe Evergrande ta ɗauki kofin da maki 58, Jiangsu ta bi mata da 54. Wannan adadi na 'yan kallo yana da muhimmanci a wurina, domin yana rushe zancen masu cewa Sinawa ba su damu da ƙwallon gida ba, kuɗi ne kawai ya kumbura gasar. Mutanen nan sun fito ne shekara uku kafin Suning ya zo, sun fito ne saboda ƙungiyar garinsu, wadda mafi yawan 'yan wasanta ba a san sunayensu a wajen ƙasar ba. A farkon 2013 Jiangsu ta doke Evergrande ta ɗauki Super Cup, ta kuma buga gasar zakarun Asiya karo na farko. A 2015, ƙarƙashin Dan Petrescu, tsohon ɗan wasan bayan Chelsea, ta ci kofin ƙalubale: an yi canjaras babu ci a Nanjing, sannan a wasa na biyu a gidan Shanghai Shenhua, Sammir ya ci ƙwallo ɗaya tilo a cikin ƙarin lokaci.

Makonni kaɗan bayan wannan nasara, a Disambar 2015, kamfanin Suning ya sayi ƙungiyar a kan yuan miliyan 523. Suning kamfanin Nanjing ne, Zhang Jindong ya kafa shi a 1990 da shagon sayar da na'urar sanyaya ɗaki, ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da kayan lantarki a ƙasar, da shaguna a kusan kowane babban birni. A watan Agustan 2015 ma Alibaba, babban kamfanin ciniki ta intanet, ya zuba masa yuan biliyan 28.3 ya karɓi kusan kashi 20 cikin 100 na hannun jarinsa. To me ya kai mai sayar da firji da talabijin harkar ƙwallo? Amsar tana cikin siyasar lokacin. Shugaba Xi Jinping ya nuna a fili cewa yana son ƙasarsa ta yi fice a ƙwallon ƙafa, a watan Maris na 2015 gwamnati ta fitar da babban shirin gyaran harkar, a 2016 kuma aka bayyana burin zama cikin manyan ƙasashen ƙwallo nan da 2050. A tsarin da gwamnati ke riƙe da filaye da bankuna da lasisi, attajirin da ya ga inda shugaba ya fuskanta ba ya jiran a kira shi. Mallakar ƙungiya ta zama hanyar talla, ta zama kuma hanyar kusantar hukumomi, shi ya sa mafi yawan ƙungiyoyin gasar a wancan lokaci suke hannun kamfanonin gine-gine, waɗanda cinikinsu ya dogara ga samun fili daga gwamnatocin birane.

Abin da ya biyo baya duk mai sauraron labarin wasanni a lokacin zai iya tunawa. A ƙarshen Janairun 2016 Jiangsu ta sayi Ramires daga Chelsea a kan kimanin fam miliyan 25. Bayan 'yan kwanaki Evergrande ta ɗauko Jackson Martínez daga Atlético Madrid a kan yuro miliyan 42, kafin mako ya zagayo kuma Jiangsu ta biya Shakhtar Donetsk yuro miliyan 50 ta ɗauki Alex Teixeira, ɗan wasan da Liverpool ke zawarci a daidai wannan lokaci. Cikin kwana goma aka karya tarihin cinikin ɗan wasa a ƙasar sau uku. Shanghai SIPG ta biyo da Hulk da Oscar, kuma a wannan guguwa ce Obafemi Martins da Mikel Obi da Odion Ighalo da Asamoah Gyan suka sami kansu a ƙungiyoyin Sin daban-daban. Suning bai tsaya a gida ba: a watan Yunin 2016 ya sayi kusan kashi 70 cikin 100 na Inter Milan a kan kimanin yuro miliyan 270, tasharsa ta intanet, PPTV, ta sayi haƙƙin nuna gasar Firimiyar Ingila a Sin a kan kimanin dala miliyan 700 na shekara uku, ta kuma riƙa nuna gasar cikin gida. Wato kamfani ɗaya ne mai ƙungiya, shi ne mai nuna wasa, shi ne kuma mai biyan kuɗin da ake rabawa.

Kuɗin bai haifar da kofi nan da nan ba. An sallami Petrescu a tsakiyar 2016, aka kawo Choi Yong-soo daga Koriya ta Kudu, ƙungiyar ta ƙare ta biyu a lig, ta kuma rasa kofin ƙalubale a hannun Evergrande saboda ƙa'idar ƙwallon waje. Kakar 2017 ta zo da ruɗani, domin ta yi kyau a rukunin gasar Asiya amma a gida tana can ƙasan teburi, har sai da aka ɗauko Fabio Capello, tsohon mai horar da Ingila da Real Madrid da AC Milan, ya cece ta daga faɗuwa, ta ƙare ta 12. Capello ya tafi a watan Maris na 2018, kuma bayan nan bai sake horar da wata ƙungiya ba. Ramires, wanda aka yi ta kaɗa ganga da zuwansa, ya ƙare yana zaune ba a sa shi a wasa, har ya koma Brazil a 2019.

A daidai wannan lokaci iskar ta juya. Gwamnati ta fara damuwa da yadda kuɗi ke fita daga ƙasar, ta taka wa kamfanoni birki a kan sayen ƙungiyoyi da otal-otal a ƙasashen waje. A 2017 hukumar ƙwallo ta rage yawan baƙin da za a iya sawa a fili zuwa uku, ta wajabta sa matashi ɗan ƙasa mai ƙasa da shekara 23, sannan ta kafa doka cewa ƙungiyar da ke asara, idan ta sayi baƙo a kan abin da ya wuce yuan miliyan 45, sai ta biya kwatankwacin wannan kuɗi a asusun renon matasa. Wannan ya ninka farashin kowane babban ciniki. A cikin wannan yanayi Cosmin Olăroiu, ɗan Romaniya da ya yi suna a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, ya karɓi ƙungiyar. Shi ne mutumin da ya fi kowa cancantar yabo a labarin nan. Ya dawo da irin tsarin Okuka na tsare gida da kai farmaki cikin sauri, ya dogara ga 'yan gida irin su kyaftin Wu Xi da Ji Xiang da Zhou Yun da Li Ang da mai tsaron raga Gu Chao, ya haɗa su da Teixeira da kuma Éder da Miranda, waɗanda aka turo daga Inter. Ta ƙare ta biyar a 2018, ta huɗu a 2019. A bazarar 2019 ne kuma Gareth Bale ya kusa komawa Nanjing kafin Real Madrid ta fasa a ƙarshe, kuma idan aka dubi abin da ya faru bayan shekara ɗaya da rabi, fasawar nan alheri ce gare shi. A Janairun 2020 aka ɗauko Mubarak Wakaso, haifaffen Tamale a arewacin Ghana, daga Alavés ta Sifaniya, ya zama mai ɗaukar dawainiyar tsakiyar fili.

Kakar 2020 ba ta yi kama da kowace ba saboda annobar korona. Sai ranar 25 ga Yuli aka fara, aka raba ƙungiyoyi 16 gida biyu, rabi aka killace su a Dalian, rabi a Suzhou, 'yan wasa suna zaune a otal makonni ba sa ganin iyalansu, daga otal sai filin atisaye sai filin wasa. Jiangsu ta ƙare ta biyu a rukunin Dalian, bayan Evergrande. Daga nan aka koma tsarin sili ɗaya ƙwale na wasa bibbiyu: ta fitar da Chongqing, ta fitar da Shanghai SIPG ta su Oscar da Hulk bayan ƙarin lokaci, ta sake haɗuwa da Evergrande, wadda a lokacin Fabio Cannavaro ke horarwa kuma ta riga ta ci kofin sau takwas. Wasan farko ya tashi babu ci. A na biyu, a Suzhou, wanda birni ne a cikin lardin Jiangsu, an bar 'yan kallo kaɗan sun shiga. Daf da tafiya hutun rabin lokaci aka kayar da Teixeira yana shirin kutsawa, alƙalin wasa ya ba ɗan wasan Evergrande jan kati, Éder ya buga bugun tazarar ya shiga raga. Da dawowa daga hutu Teixeira ya ƙara ta biyu. Wei Shihao ya farke ɗaya, Evergrande ta yi ta matsawa da mutum goma, amma aka tashi 2 da 1. Bayan wata guda Jiangsu ta sake kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Shandong ta doke ta 2 da nema, kuma wannan shi ne wasanta na ƙarshe a duniya.

Wasu suna rage wa wannan kofi daraja da cewa gasar ta zama ta 'yan wasanni kaɗan, sa'a ce ta yi aiki. Ban yarda da su ba, musamman idan aka san halin da 'yan wasan suke ciki. Tun ana tsakiyar kakar labari ya fara fita cewa ana bin ƙungiyar bashin albashi, kuma bayan an gama, Éder da wasu sun fito fili sun ce ba a biya su haƙƙinsu ba. Mutanen da aka killace a otal, ba a biyansu yadda aka yi alkawari, suka doke ƙungiyoyi biyu mafi tsada a ƙasar ɗaya bayan ɗaya, sun ci kofinsu da guminsu.

Yanzu mu zo kan dalilin mutuwar. Suning ya faɗaɗa fiye da ƙarfinsa. A 2017 ya zuba yuan biliyan 20 a reshen gine-gine na Evergrande, wato kamfanin da ke da babbar abokiyar hamayyarsa a fili, bisa fatan reshen zai shiga kasuwar hannun jari ta Shenzhen, abin da bai yiwu ba, kuma a 2020, da Evergrande ya shiga matsin bashi, Suning ya amince ba zai nemi a maido masa kuɗin ba. A 2019 ya sayi manyan kantuna 37 na kamfanin Wanda, ya sayi kashi 80 cikin 100 na reshen Sin na Carrefour, kamfanin kantuna na Faransa, a kan yuan biliyan 4.8, alhali ciniki yana ƙaura daga kanti zuwa waya, inda JD.com da Alibaba suka fi shi ƙarfi. Sai korona ta zo ta rufe shaguna. A watan Satumbar 2020 hukumar gasar Firimiya ta soke yarjejeniyarta da PPTV saboda rashin biyan kuɗi, kuma wannan ita ce alamar farko da duniya ta gani. A watan Fabrairun 2021 Zhang Jindong ya shaida wa ma'aikatansa cewa kamfanin zai koma kan sana'arsa ta sayar da kaya, duk wani reshe da ba na wannan ba za a rage shi ko a rufe shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sanarwar ƙungiyar ta fito, a ranar da kamfanin ya bayyana shirin sayar da wani kaso na hannun jarinsa ga masu zuba jari na gwamnati. A watan Yulin shekarar Zhang da kansa ya sauka daga shugabancin kamfanin.

Za ka iya tambaya, me ya hana wani ya saya, tunda zakara ce? An nemi mai saye, har rahotanni suka ce an yi tayin ba da ita kusan kyauta ga wanda zai ɗauki bashin da ke kanta, wanda aka ƙiyasta da ɗaruruwan miliyoyin yuan, amma babu wanda ya miƙa hannu. Dalili shi ne, a Disambar 2020 hukumar ƙwallo ta yanke cewa daga 2021 dole kowace ƙungiya ta cire sunan kamfani daga sunanta, shi ya sa a farkon Fabrairu Jiangsu Suning ta koma Jiangsu kawai, Evergrande ta koma Guangzhou, SIPG ta koma Shanghai Port. An kuma ƙayyade albashin baƙo a kan yuro miliyan 3 a shekara, na ɗan gida yuan miliyan 5, da abin da ƙungiya za ta kashe gaba ɗaya a kan yuan miliyan 600. Manufar dokar sunan mai kyau ce, domin ana so ƙungiya ta zama ta gari, ta daina canza suna kamar riga. Amma lokacin da aka zaɓa bai dace ba ko kaɗan, domin sunan shi ne kusan abu ɗaya da mai zuba kuɗi yake samu. Kuɗin tikiti ba shi da yawa, kuma a wannan shekara ma babu shi. Filin wasa ba na ƙungiya ba ne, haya take yi. Kason talabijin da na tallace-tallace bai kai ya biya albashin baƙi biyu ko uku ba, ita kanta yarjejeniyar nuna gasar ta yuan biliyan 8 da aka ƙulla a 2015 sai da aka sake zama aka sassauta ta. Duk abin da ake gani na ƙasaita aljihun mai gida ne, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Saboda haka nake ganin dokar sunan ba ita ta jawo ciwon ba, amma ita ta kori duk wanda zai iya kawo magani. A ƙarshen Maris na 2021 hukumar ta fitar da jerin ƙungiyoyin da aka ba lasisi babu Jiangsu a ciki, aka ba Cangzhou Mighty Lions, wadda ta faɗi a kakar da ta gabata, gurbinta, ita kuwa gasar zakarun Asiya aka buga ta babu zakaran Sin.

Game da Inter, bambancin a bayyane yake. Inter dukiya ce da za a iya sayarwa ko a jinginar, tana da kuɗin talabijin na Italiya da na Turai, tana da 'yan wasan da ake saye da tsada, tana da suna na fiye da shekara ɗari wanda ba ya bukatar sunan Suning. Jiangsu kuwa a littafin kamfani hanyar fitar kuɗi ce kawai. A watan Mayun 2021, wata biyu da 'yan kwanaki bayan rufe Jiangsu, Inter ta ci gasar Italiya ƙarƙashin Antonio Conte, ɗan Zhang Jindong, Steven Zhang, yana shugabanta. Amma ita ma ta ji a jikinta: a wannan watan aka karɓi rancen yuro miliyan 275 daga kamfanin Oaktree na Amurka, Conte ya tafi, aka sayar da Achraf Hakimi da Romelu Lukaku. Da wa'adin bashin ya cika a watan Mayun 2024, ya kai kusan yuro miliyan 395 da ruwansa, Suning ya kasa biya, Oaktree ya karɓe ƙungiyar. Inter ta canza mai gida ta ci gaba da wasa, domin akwai abin da mai bin bashi zai riƙe.

'Yan wasan Jiangsu sun watse cikin 'yan makonni. Wu Xi ya koma Shanghai Shenhua, Li Ang ya tafi Shanghai Port, Ji Xiang ya nufi Shandong, Zhou Yun, ɗan lardin wanda bai taɓa buga wa wata ƙungiya ba, ya rataye takalmansa yana da shekara 30. Éder da Miranda sun koma São Paulo, Teixeira ya tafi Beşiktaş ta Turkiyya, Wakaso ya koma Shenzhen, Olăroiu kuma ya koma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya karɓi Sharjah. Waɗanda ba a cika ambata ba, kuma su suka fi ba ni tausayi, su ne yaran makarantar renon matasa da ƙananan ma'aikata, masu wanke riguna da masu gyaran fili da direbobi, waɗanda ba su da wakilin da zai kai ƙararsu FIFA. Sanarwar ta shafi har da ƙungiyar mata, wadda ta ci gasar ƙasar a 2019 da taimakon ƙwallayen Tabitha Chawinga 'yar Malawi.

Jiangsu ba ita kaɗai ba ce, ita ce dai wadda faɗuwarta ta fi ƙara saboda kofin yana hannunta. Kafin ita, Tianjin Tianhai da Liaoning, wadda ta ci kofin Asiya a 1990, sun rushe a 2020. Bayanta Chongqing ta bi a 2022, Hebei da Wuhan Yangtze da Guangzhou City a 2023, Dalian Pro da Shenzhen a 2024. A Janairun 2025 ita kanta Guangzhou, mai kofin ƙasa takwas da na Asiya biyu, ta kasa samun lasisi ta rufe, kuma a wannan watan Cangzhou da ta gaji gurbin Jiangsu ita ma ta tafi. Su ma masu kafa dokokin ba su tsira ba, domin a 2024 kotu ta yanke wa Chen Xuyuan, shugaban hukumar ƙwallon a lokacin da Jiangsu ta rushe, hukuncin ɗaurin rai da rai saboda cin hanci, tsohon mai horar da ƙungiyar ƙasa Li Tie kuma ya sami shekara 20. Idan ka tambaye ni wa ya fi laifi a kan Jiangsu, zan ce Suning, domin ya karɓi ƙungiya mai rai wadda ta riga ta ci kofi da kuɗi daidai gwargwado, ya ɗora mata albashin da babu wanda zai iya gada, sannan ya saki hannu. Hukumar ƙwallo tana biye da shi, saboda ta zuba ido shekaru ana tseren kashe kuɗi, sannan ta ja linzami da ƙarfi a shekarar da kowa yake cikin matsi.

Zuwa 2025 lardin yana da ƙungiyoyin sana'a irin su Nanjing City da Suzhou Dongwu da Nantong Zhiyun, wadda ta hau babbar gasar a 2023 ta sauko a ƙarshen 2024, amma babu wadda ta gaji suna ko tarihin tsohuwar Jiangsu, kuma a kakar 2025 lardin ba shi da wakili ko ɗaya a Super League. A wannan shekarar ne hukumomin lardin suka shirya gasa tsakanin biranensa 13, mafi yawan 'yan wasanta ɗalibai ne da ma'aikata da 'yan kasuwa, tikitinta kuma bai taka kara ya karya ba. Gasar ta ja hankalin ƙasar baki ɗaya, wasu wasanninta suka tara mutum fiye da 60,000 a filin Olympic na Nanjing, kuma a wasan ƙarshe, a farkon Nuwamba, Taizhou ta doke Nantong a bugun fenariti. Sai dai wannan gasa ba ta cikin tsarin lig na ƙasa, wanda ya lashe ta ba ya hawa ko'ina, kuma duk wanda yake son ya kafa sabuwar ƙungiya da sunan lardin dole ya faro daga ƙananan rukunai ya hau mataki-mataki, ko kuma ya sayi wadda take da lasisi.